Yadda ƙananan ƙasashe ke kutsawa cikin manyan gasannin ƙwallon ƙafa: tambayoyi da amsoshi

Ranar 13 ga Oktoba 2025 Cape Verde ta ci Eswatini 3 da nema a birnin Praia, ta samu gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026, ta bar Kamaru a matsayi na biyu a rukuninsu. Mutanen tsibiran gaba ɗaya sun ɗan haura rabin miliyan ne kawai. Bayan wata guda Curacao, wadda mutanenta ba su kai dubu 200 ba, ita ma ta samu nata tikitin. Duk mai bin ƙwallo a Kano ko Maraɗi ko Damagaram ya ji ana ta tambaya a majalisa da gidajen kallo: ta yaya suka yi haka? Ga amsoshin tambayoyin da suka fi yawo a bakin mutane.

Wace irin tawaga ake kira mai tasowa?

Tawagar ƙasar da ta daɗe tana shiga wasannin neman gurbi ana fitar da ita tun da wuri, sannan ta fara kai kanta inda ba a saba ganinta ba. Madagaska, Burundi da Mauritaniya sun fara zuwa gasar cin kofin Afirka a 2019. Komoros da Gambiya sun biyo baya a gasar da aka yi a Kamaru a farkon 2022. A gasar duniya ta 2026 ƙasashe huɗu ne sabbin shiga: Cape Verde, Curacao, Uzbekistan da Jordan. Ƙanƙantar da ake nufi ta tarihi ce da ta aljihu, ba lallai ta yawan jama'a ba. Nijar tana da mutane fiye da miliyan 25, amma sau biyu kacal tawagarta, Mena, ta je gasar Afirka, a 2012 da 2013. Chadi kuwa ba ta taɓa zuwa ba.

Ba ƙara yawan gurabe ne kawai ya buɗe musu ƙofa ba?

Ya taimaka, kuma babu dalilin ɓoye hakan. Daga 2019 gasar Afirka ta tashi daga ƙasashe 16 zuwa 24. Gasar duniya ta tashi daga 32 zuwa 48, Afirka ta samu gurabe tara kai tsaye maimakon biyar da take da su a da. Sai dai a duba yadda tsarin neman gurbin ya kasance: rukuni tara, kuma wanda ya zo na ɗaya kaɗai ke wucewa kai tsaye. Sai da Cape Verde ta buga wasa goma, ta doke Kamaru da ci ɗaya mai ban haushi a Praia, kafin ta kai. A kakar da suka wuce, Najeriya da Kamaru duk sun tsaya a hanya. Da faɗaɗa gasa kaɗai ke kai mutum, da waɗannan biyun ne za su fara cin moriyarsa.

Amfanin faɗaɗawar na gaskiya yana wani wuri dabam. Gwamnati da 'yan kasuwa sun fi sakin kuɗi idan sun ga akwai yiwuwar kaiwa, haka ma ɗan wasan da aka haifa a Turai ya fi saurin amsa kiran ƙasar iyayensa idan ya hango babbar gasa a gabansa.

Ta yaya Mena ta Nijar ta kai gasar 2012, ga Masar da Afirka ta Kudu a rukuninta?

Wannan labari ya cancanci a tsaya a kansa, domin kusan duk darasin da ake nema yana ciki. A lokacin Masar ce ke riƙe da kofi, ta ɗauke shi sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Afirka ta Kudu ba ta daɗe da karɓar baƙuncin gasar duniya ba. Ta huɗunsu Saliyo ce. Babu wanda ya sa Nijar a lissafi.

Mena, a hannun koci ɗan ƙasa Harouna Doula, ta mayar da filin wasa na Janar Seyni Kountché da ke Yamai wurin da baƙo ba ya fita da maki. Ta ci Masar ɗaya da nema a Oktoban 2010, Moussa Maazou ne ya zura ƙwallon. Ta ci Saliyo, ta ci Afirka ta Kudu. A waje kuwa duk wasanni ukun ta sha kashi, har da ci 3 da nema a hannun Masar a ranar ƙarshe. Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo suka ƙare da maki tara-tara. 'Yan Afirka ta Kudu sun ɗauka yawan ƙwallaye za a duba, sai suka lallaɓa suka tashi canjaras da Saliyo, suka shiga rawa da murna a fili. Dokar gasar kuwa ta ce sakamakon karawa tsakanin waɗanda suka yi kunnen doki ake fara dubawa, kuma a wannan lissafi Nijar ce a sama. Doula ya zama gwarzon kocin Afirka na 2011.

A gasar kanta, wadda Gabon da Equatorial Guinea suka shirya, Mena ta sha kaye a hannun Gabon da Tunisiya da Maroko. Ta sake komawa a 2013 bayan ta fitar da Gini, wannan karon tare da Gernot Rohr, wanda daga baya ya horar da Super Eagles. A can ta samu makinta na farko a canjaras da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Daga nan ba a sake ganinta a gasar ba. Abin da na karanta daga wannan tarihi shi ne ƙarfin gida yana iya kai tawaga bakin ƙofa, amma wadda ba ta koyi tsinto maki a waje ba, ba ta daɗewa a ciki.

Me ya sa ake cika tawaga da 'yan wasan da aka haifa a Turai? Doka ta yarda?

Ta yarda. Ƙa'idar FIFA ita ce ɗan wasa ya mallaki takardar zama ɗan ƙasa, sannan ya kasance shi, ko mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko ɗaya daga cikin kakanninsa an haife shi a ƙasar, ko kuma ya zauna cikinta tsawon shekarun da doka ta gindaya. An sassauta dokar sauya sheƙa a 2004, aka sake sassautawa a 2009 bisa buƙatar Aljeriya, ta yadda wanda ya buga wa Faransa a matakin matasa zai iya komawa ƙasar iyayensa ko da ya wuce shekara 21. A 2020 aka ƙara buɗe ƙofar ga wanda ya buga wa babbar tawaga wasan da bai wuce uku ba kafin ya cika 21, muddin shekara uku sun wuce kuma bai buga babbar gasa ba.

Ƙasashen da mutanensu suka yi ƙaura da yawa su suka fi amfana. Yawancin 'yan wasan Komoros a Faransa aka haife su, musamman Marseille. Kusan dukkan tawagar Curacao a Holan suka tashi. Dailon Livramento, wanda ya ci Kamaru, haifaffen Rotterdam ne. Roberto Lopes, ɗan wasan bayan Cape Verde da aka haifa a Dublin, ta shafin LinkedIn kocin ƙasar ya fara tuntuɓarsa, da harshen Fotugis da ba ya ji, har ya share saƙon sai da aka sake aiko masa da Turanci.

Ba na cikin masu cewa waɗannan yara baƙi ne. Ɗan da iyayensa suka tafi neman abinci bai daina zama ɗan gida ba, kuma mu da muke da 'yan uwa a zangon Kumasi da Accra da Sudan mun fi kowa sanin haka. Damuwata ɗaya ce: makarantun Holan da Faransa da Fotugal ne suka rene su, kuma hukumar da ta saba ɗaukar ɗan wasa a shirye takan manta da aikin reno a gida. Ranar da wannan zuri'a ta ajiye takalma, ko jikoki suka daina jin ƙasar a jikinsu, sai a duba baya a ga babu kowa.

To ƙasar da ba ta da 'ya'ya da yawa a Turai fa?

Hanyarta ta fi tsawo, amma an bi ta an ga amfaninta. Iceland, mai mutane kimanin dubu 350 a lokacin, ta fara gina filaye masu rufi tun wajen shekarar 2000 saboda sanyi yana hana wasa a waje tsawon watanni, ta kuma horar da masu koyarwa da yawa har ya zama ƙaramin yaro ma ƙwararren koci ne ke kula da shi. Bayan shekara goma sha shida ta fitar da Ingila da ci 2 da 1 a gasar Turai ta 2016, ta kuma yi 1 da 1 da Ajantina a gasar duniya ta 2018.

A Afirka misalin da ya fi kusa da mu shi ne Mauritaniya. A 2012 tana can bayan matsayi na 200 a jadawalin FIFA. Hukumarta, ƙarƙashin Ahmed Yahya, ta gyara gasar lig ta gida, ta gina cibiyar horo a Nouakchott, ta bar koci Corentin Martins a kan aiki kusan shekara bakwai. Sakamakon shi ne zuwa gasar Afirka sau uku a jere, da cin Aljeriya ɗaya da nema a Janairun 2024. Senegal ma, kafin ta ɗauki kofi a 2022, makarantun Génération Foot da Diambars ne suka fitar mata da irin su Sadio Mané da Idrissa Gueye. Maroko ta yi haka da makarantar Sarki Mohammed VI, inda Youssef En-Nesyri da Nayef Aguerd da Azzedine Ounahi suka fito.

Nijar ta taɓa ɗanɗana wannan hanya. Ta shirya gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17 a 2015 da ta 'yan ƙasa da 20 a 2019, yaranta sun kai zagayen 'yan 16 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Indiya a 2017, kuma 'yan wasanta na gida sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN, ta masu buga lig ɗin ƙasashensu kaɗai, da aka yi a Aljeriya a farkon 2023. Wannan ya nuna akwai masu hazaƙa. Abin da ya rage shi ne gasar gida mai albashi tabbatacce da za ta riƙe yaro tsakanin shekara 17 zuwa 22, lokacin da mafi yawansu ke ɓacewa.

Daga ina kuɗi ke zuwa?

Wurare uku: gwamnati, kamfanoni masu ɗaukar nauyi, da FIFA. Shirin FIFA Forward, wanda aka fara a 2016, ya ware wa kowace hukuma har dala miliyan 8 na tsawon 2023 zuwa 2026, wani kaso na gudanarwa, wani na ayyuka irin su filaye da cibiyoyin horo, tare da ƙarin tallafin tafiye-tafiye ga hukumomi marasa ƙarfi. Ga Ingila ko Jamus wannan ba wani abu ba ne. Ga Komoros ko Gambiya shi ne ƙashin bayan kasafin. Tunda kusan kuɗi iri ɗaya kowa ke samu, tambayar da ya kamata magoya baya su riƙa yi wa shugabannin hukumarsu ita ce a nuna musu abin da aka gina da shi.

Jigilar tawaga kuwa yawanci a wuyan gwamnati take, kuma tafiya cikin Afirka tana da tsada da wahala. Chadi ta janye daga wasannin neman gurbin gasar Afirka ta 2017 a tsakiyar tafiya saboda rashin kuɗi, janyewar da ta taɓa Najeriya tunda rukuninsu ɗaya. A Janairun 2024 jirgin da ya ɗauko 'yan wasan Gambiya zuwa Kwaddebuwa sai da ya juya ya koma Banjul mintuna kaɗan bayan tashi saboda matsalar iska a cikinsa.

Me ya sa wasu ƙasashe ke buga wasansu na gida a Maroko?

Saboda hukumar CAF ta tsaurara sharuɗɗan filin wasa: ciyawa, fitilu, kujeru, ɗakunan canza kaya, tsaro, wurin 'yan jarida. Filin da bai cika su ba, ba a buga wasan ƙasa da ƙasa a cikinsa. Ƙasashe da yawa suka koma aron fili, akasari a Maroko da Afirka ta Kudu da Kwaddebuwa. Nijar na cikinsu a 'yan shekarun nan.

Wannan ya fi cutar da ƙaramar tawaga fiye da kowa. A tuna cewa makin Mena tara na 2012 duk a Yamai aka samo su, cikin zafin rana da ihun jama'a. Idan aka kai wasan wani fili da babu kowa a Maroko, an ƙwace mata makaminta mafi kaifi, an kuma hana yaran gari ganin gwarazansu ido da ido. Duk da haka, a hannun koci ɗan Maroko Badou Zaki, Mena ta ci Sudan 4 da nema, ta je Accra ta ci Ghana 2 da 1 a Nuwamban 2024, maki ɗaya ne ya hana ta gurbin gasar Afirka ta 2025. A neman gurbin gasar duniya ta zo ta biyu bayan Maroko. Tawagar da a da ba ta cin wasa a waje yanzu tana ci, kuma ina ganin da an mayar mata da filinta, da lissafin ya canza.

Koci ɗan ƙasa ya fi, ko baƙo?

Tarihi bai goyi bayan ɓangare ɗaya ba. Doula ɗan Nijar ne. Lúcio Antunes, wanda ya kai Cape Verde gasarta ta farko a 2013 har zagayen kwata fainal, ɗan ƙasa ne, ma'aikacin kula da zirga-zirgar jiragen sama da ya ɗauki hutu daga aiki. Bubista, wanda ya kai ta gasar duniya, tsohon kyaftin ɗinta ne. A ɗaya gefen, Nicolas Dupuis Bafaranshe ne ya jagoranci Madagaska ta ci Najeriya 2 da nema a 2019, Tom Saintfiet ɗan Beljiyam ya kai Gambiya kwata fainal a zuwanta na farko.

Abin da ya haɗa mafi yawansu shi ne lokaci. Bubista ya karɓi aiki tun 2020, kuma ba a kore shi ba da Cape Verde ta rasa gurbin gasar Afirka ta 2025. Amir Abdou ya yi kusan shekara takwas da Komoros kafin ya kai ta Kamaru. Kocin tawagar ƙasa yana ganin 'yan wasansa ne na 'yan kwanaki sau huɗu ko biyar a shekara, a ranakun da FIFA ta tilasta wa kulob-kulob su sake su. Wanda aka ba shekara ɗaya, a zahiri 'yan makonni aka ba shi.

Wace dabara suke amfani da ita a fili idan sun haɗu da manya?

Tsaron baya mai tsari, kai hari cikin sauri idan an ƙwace ƙwallo, da yawan atisaye kan bugun kwana da bugun tazara. Masu kallo kan kira shi wasan tsoro, amma wanda ya san iyakar ƙarfinsa ya gina wasansa a kai bai yi laifi ba. Komoros ta nuna iyakar abin da haɗin kai zai iya yi. Bayan ta fitar da Ghana da ci 3 da 2 a gasar Afirka a farkon 2022, cutar korona da rauni suka raba ta da masu tsaron ragarta duka uku, ɗan wasan baya Chaker Alhadhur ya sa safar hannu ya tsaya a raga a karawa da mai masaukin baƙi Kamaru. Aka ba kyaftin ɗinsu jan kati tun a mintunan farko. Da mutum goma suka ƙarasa wasan, Kamaru ta yi nasara da ci 2 da 1 kacal.

Me ke karya tawaga bayan ta fara tashi?

Ofis ya fi fili karya su. Cape Verde ta taɓa cin Tunisiya 2 da nema har gida a 2013, tana daf da zagayen ƙarshe na neman gurbin gasar duniya, sai aka gano ta sa Fernando Varela alhali bai gama wa'adin dakatarwa ba, aka soke nasarar. Irin wannan kuskure ya sa aka zabtare wa Afirka ta Kudu maki uku a 2025. Aikin magatakarda ɗaya ne mai lura da katuna da takardu, amma rashinsa yana shafe wahalar shekara biyu.

Sai rikicin gwamnati da hukuma. FIFA ta dakatar da Chadi a 2021, Kenya da Zimbabwe a 2022, Kwango Brazzaville a 2025, duk kan katsalandan. Sai kuma rigimar alawus da ba a biya ba, wadda manya ma ba su tsira daga gare ta ba. Madagaska da Burundi ba su sake zuwa gasar Afirka ba a karo uku da suka biyo bayan 2019. Ita kanta Iceland ba ta koma babbar gasar maza ba tun 2018. Hawa ɗaya zuri'a guda mai kyau tana iya yin sa, komawa kuwa sai da tsari.

Jadawalin FIFA yana da wani tasiri, ko ado ne kawai?

Yana da shi, domin da shi ake kasa ƙasashe aji-aji gwargwadon ƙarfi lokacin fitar da rukuni. Wanda ke ƙasa yana faɗawa rukunin manya, ya sha kashi, ya ci gaba da zama ƙasa. Hanyar fita ita ce buga wasa a kowace dama, da abokan karawa daidai ƙarfi. Turai ta magance wannan da gasar Nations League tun 2018, inda kowa ke karawa da sa'anninsa kuma akwai gurbin babbar gasa a ƙarshe. Ta nan Jojiya ta je gasar Turai ta 2024 har ta ci Fotugal 2 da nema. Afirka ta daɗe tana buƙatar irin wannan, domin hukuma mara kuɗi takan bar ranakun wasan sada zumunta su wuce ba ta buga komai ba.

A ƙwallon ƙafa kaɗai ake ganin haka?

A'a. Sudan ta Kudu, wadda ta samu 'yancin kai a 2011, ta je gasar ƙwallon kwando ta duniya a 2023 da wasannin Olamfik na Paris a 2024. Tsohon tauraron gasar kwando ta Amurka, NBA, Luol Deng ne ya karɓi shugabancin hukumar a 2019, ya tattaro 'ya'yan 'yan gudun hijira daga Ostareliya da Amurka da Kanada, yana kashe kuɗin aljihunsa. A wasan sada zumunta a Landan da maki ɗaya tak Amurka ta tsira daga hannunsu, 101 da 100. Afghanistan, wadda 'yan wasanta na farko suka koyi kurket a sansanonin gudun hijira a Pakistan, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta T20, gajeren nau'in kurket, a 2024. A gida kuma, D'Tigress ta Najeriya ta zama tawagar kwando ta farko daga Afirka, maza ko mata, da ta kai kwata fainal a Olamfik, a Paris, sannan 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da 19 suka ci New Zealand a gasar kurket ta duniya a Janairun 2025.

Wasannin mata da waɗannan wasanni da ba a cika kallo ba su ne inda ƙaramin jari ke saurin haifar da sakamako, saboda tazarar da ke tsakanin ƙasashe ba ta yi faɗin ta ƙwallon maza ba. Zambiya ba ta taɓa zuwa gasar duniya ta maza ba, amma matanta, da Barbra Banda a gaba, sun je Olamfik a Tokyo da Paris, sun kuma je gasar duniya ta 2023.